Sunan da Baba Bai Kira a Daji Ba

Cheetham Hill, Manchester
23 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Hikma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Toufik, da amaryata Inaya. Ki gaya mata mijin nata ya zama gurgu, in saki take so ta yi magana da wuri kafin ta fara haƙora.

Kada ganin wasiƙa ya tsorata ki. Ban mutu ba, wayata ce ta mutu. Tana kwance cikin wata ƙorama a dajin gwamnati can arewa, dab da iyakar Scotland. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Kin san a aji huɗu na yi sallama da malamai, su ma ba su riƙe ni ba.

Ga yadda aka yi. Yayanki ne ya shirya mana tafiyar kwana uku, ni da shi. Ya samo tanti, ya samo sandunan fatsa, har da lasin kamun kifi, don a ƙasar nan sai ka nemi izinin hukuma kafin kifi ya ƙi ka. Ya ce in sayi takalmin hawan dutse. Na ce masa ni da na taso a Yeji, bakin tafkin Volta, ƙafa ba takalmi, wane dajin Turawa ne zai koya mini tafiya? Na tafi da takalmina na Juma'a, mai santsin nan.

Awa huɗu muka yi a mota. Dajin ba irin namu ba ne. Itatuwa dogaye, iri ɗaya, an shuka su layi-layi, ƙarƙashinsu duhu ko da rana tsaka. Ba kasuwa, ba masallaci, ba network. Sai wasu ƙananan ƙwari da ba ka ganin su sai ka ji su. Sun ci ni kamar sun daɗe suna jiran baƙin mutum.

Yanzu zan faɗa miki wata gaskiya. Shekara ashirin ina cika muku baki cewa ni masunci ne. Kakanku ne masunci. Ni aikina korar ƙuda daga kan kifin da aka shanya. Da muka je bakin tafki na ce wa yayanki ya matsa ya ga aiki. Na wulwula sandar, na jefa, sai na ji abu ya kama da ƙarfi. Kunnena ne. Ƙugiyar ta bi ta hula ta shige. Da filayarsa ta gyaran wuta ya cire mini. Shi kuwa ya zauna shiru kamar yadda ya saba, kafin la'asar ya kamo wani kifi mai ɗigo-ɗigo, muka gasa.

Washegari muka hau tudu. Hanyar an kafa mata sanduna masu jan fenti, ko akuya ba za ta ɓata ba. Yana gaba ina baya ina haki. Na hango inda hanyar ta yi gwiwa, na ce bari in yanke in riga shi, in zauna a kan dutse in tambaye shi me ya tsayar da shi. Ina barin hanya hazo ya sauko, fari fat, ko hannuna ba na gani. Takalmin Juma'a ya yi aikinsa. Na gangara cikin kwazazzabo, idon sawuna ya ce ƙas, waya ta yi nata wuri. Na yi ta ihu har ya same ni. A bayansa ya goyo ni, kusan mil biyu, zuwa ɗakin ma'aikatan daji.

A asibiti sun sa mini filasta, sati bakwai. A warehouse, rumbun kayan da nake aiki, sun ce in huta, kwalaye ba za su gudu ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Da muka taho, awa huɗun nan bai ce uffan ba, ko rediyo bai kunna ba. Ya kawo ni flat, ya cika fridge, ya jera mini magani a kan tebur, ya ɗauki jakarsa ya ce zai zo wajenki kwana biyu. Yau kwana takwas. Ina jin nauyina ne ya ɓata masa rai, kin san tumbin nan ba ƙaramin kaya ba ne. Ki ce masa ya bugo wayar maƙwabcina Dalyop, shi ne ke kai mini wasiƙa gidan waya.

Ki gaida kowa. Allah ya yi muku albarka.

Babanki,
Iddrisu


Balsall Heath, Birmingham
28 ga Satumba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Toufik yana gaisuwa. Inaya ta ce tana nan daram.

Na ga ya fi in rubuto, don in na kira wayar Baba Dalyop za ka mayar da maganar wasa kafin in kai ƙarshenta.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karon farko na yi dariya, Toufik har ya ƙware. A karo na biyu na duba da kyau. Shafi uku, babu sunan Yaya Waris ko sau ɗaya.

Yana nan wajenmu, a falo yake kwana. Sai da ya yi kwana biyar kafin ya ba ni labari, kuma akwai abin da ka tsallake. Ya ce ranar da za ku hau tudun, da safe, karen wani dattijon Bature da ke tantin kusa da naku ya ɓata. Mutumin ya yi ta zagaya dajin yana kiran “Jabez! Jabez!” har muryarsa ta dushe, yana hawaye. Ya ce kai har dariya ka yi masa.

Bayan awa uku kai ne a kwazazzabo. Yana neman ka cikin hazo, yana jin muryarka. Ka san abin da kake kira, Baba? “Kai! Kai mutumin! Hello! Excuse me!” Haka ya maimaita mini, bai rage ko ɗaya ba. A asibiti kuma da nurse ta tambayi next of kin, wato ɗan'uwa mafi kusa, nuna shi ka yi da baki ka ce “wannan”. Shi ya faɗi sunansa da kansa.

Ya ce mini, da Turancinsa na Manchester: “Ƙafarsa a karye, Hikma, yana tsammanin mutuwa zai yi, amma bai iya faɗa ba. Kare ma an kira shi.”

Baba, na san al'adar. Na zauna wajen Kaka a Kumasi har na kai sha uku, na ga iyayen da ba sa kama sunan ɗan fari, na san ba ƙiyayya ba ce. Na yi masa bayani har na gaji. Amma shi yana shekara huɗu kuka taho da shi nan. Abin da ya taso yana gani shi ne iyayen abokansa suna kwaɗa musu kira a ƙofar makaranta. Mama ce ke kiran sa. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, kuma ku biyu ne a flat ɗin. Ka yi tunani, shekara biyu mutum yana shiga gidansu yana fita, ba wanda ya ambace shi.

Tafiyar nan ba don kifi ya shirya ta ba. Ya ce yana so ya ga ko in kun kaɗaita, ba abokanka, ba idon kowa, za ka yi masa magana kamar yadda kake yi mini.

Ba nauyinka ba ne, Baba.

Ka riƙa shan magani a kan lokaci, kuma kada ka taka ƙafar. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Hikma


Cheetham Hill
6 ga Oktoba

Hikma 'yar Baba,

Ina amsa sallama. Ƙafa da sauƙi, sai ƙaiƙayi a cikin filasta, ina sosawa da muciyar mamanku, Allah ya jiƙanta. Wasiƙarki ta zo. Ashe ban da aikin asibiti har alƙalanci kika karanta a uni.

Na ba Dalyop ya karanta, don in samu mai goya mini baya. Ya cire gilashi ya ce, “Iddi, kai da ka san sunan kowane direban da ke shiga warehouse, har da na matansu?”

Na ce, “Su ai ba ni na haife su ba.”

Ya ce, “To mu gwada. Ga ni, ni ne shi. Kira ni.”

Na ce, “Kai da wannan sanƙon? Allah ya kiyaye in haifi irinka.”

Ya ce, “Ka gani? Ka gudu. Da ƙafa ɗaya ma ka fi kowa gudu.” Ya shanye mini shayi ya tafi.

To bari in daina gudu na shafi ɗaya.

Ni ma ɗan fari ne. Kakanku bai taɓa kiran sunana ba har aka kai shi kabari. “Kai” nake, in ransa ya yi fari in zama “wancan sarkin ƙuda”. Amma duk ranar da aka dafa kifi, kan nawa ne. Zai cire shi da hannunsa ya ajiye a gefen kwanona, ba ya ko duba na. Duk gidan an san ma'anar wannan. Ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko yana so na ba. Kuma ga kakata, ga gwaggonnina, sunana a bakinsu tun safe har ya ishe ni.

Ranar da muka gasa kifin nan a bakin tafki, na cire kan na ajiye wa yayanki a farantinsa. Ya dube shi, ya dube ni, ya tashi ya kai kwandon shara. Na ce a raina yaran yanzu ba su san daɗi ba. Sai da na karanta wasiƙarki na gane abin da ya gani: shi ya kama kifi, ubansa ya ci tsoka ya tura masa ƙashi.

A gida kaka ake ba ɗan fari. Mu muka yi ta a baibai, muka bar ki wajen kaka muka taho da shi inda ba kaka, ba gwaggo, sai bango huɗu da hitar ɗumama ɗaki.

Mamanku ma da farko ba ta kiran sa. Yana shekara biyar ya ɓace mata a wani babban kanti, ta buɗe baki ta kwaɗa sunan har masu gadi suka taru. Daga ranar ba ta daina ba. Ina tsokanar ta ina cewa, Azara kin zama Baturiya. Ta ce, “Ni ce bakinka a gidan nan, Iddi. Ka yi addu'a kada in riga ka.” Dariya na yi. Ni komai dariya.

Kin ce ban kira shi a kwazazzabo ba. Gaskiya ne. Amma sunan yana bakina, wallahi na ji shi a bayan haƙorana. Ni na zaɓa masa shi, ni na raɗa masa a kunne ranar suna, sau ɗayan nan ke nan a shekara ashirin da takwas. Da na zo faɗa sai na ji kamar an ce in tuɓe riga a tsakiyar masallaci. Sannan ga wani abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tun yana jariri nake jin in na nuna wa duniya yadda yake a raina, za ta lura da shi ta ɗauke. Na san ba karatu ba ne wannan. Aji huɗu dai.

Ki ba shi haƙuri. Ki ce ɗakinsa na nan, na hana Dalyop ajiye kekensa a ciki. In ya dawo za mu daidaita a hankali, lokaci na nan.

Ki shafa mini kan amarya.

Babanki,
Iddrisu


Balsall Heath
15 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa na ƙara sauƙi.

Lokaci ba ya nan. Yaya Waris ya samu aikin wuta a Canada. Tun watan Yuli aka ba shi, ya yi ta jan ƙafa, ya ce sai kun dawo daga dajin zai yanke shawara. Ya sa hannu satin da ya wuce. Ranar Asabar biyu ga Nuwamba zai tashi daga nan Birmingham, jirgin rana.

Na karanta masa wasiƙarka, ina fassara inda Hausar ta fi ƙarfinsa. Da na zo wajen kan kifi ya tashi ya shiga bayi, ya daɗe. Da ya fito ya gaya mini abin da ke cin sa, kuma ya yarda in faɗa maka. Ya gano inda kake tun kafin ya sauko. Yana tsaye a saman kwazazzabon, bayan wata bishiya, yana jin ka. Ya tsaya da gangan, yana jira ko za ka kira shi. Ya bar ka kwance da karyayyar ƙafa cikin ruwan sanyi. Ya ce tun ranar ba ya iya duban fuskarka, kuma ba ya son irin mutumin da yake zama a kusa da kai.

Ba zan ba shi haƙuri a madadinka ba, Baba. Ni ba Mama ba ce.

Ga tikitin coach, doguwar bas, na ranar Juma'a ɗaya ga wata, Toufik zai tarye ka a tasha. Ga kuma sabuwar waya a cikin kwalin, lambarsa ce ta farko a ciki. Ban san ko zai fasa tafiyar ba, ban yi maka alkawari ba. Amma bai kamata ya hau jirgin nan bai ji daga bakinka ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Hikma


Cheetham Hill
4 ga Nuwamba

Hikma,

Na iso lafiya. Ki gode wa Toufik, ya ɗauke ni kamar buhun shinkafa bai yi ƙorafi ba.

A mota kin tambaye ni da ido, na yi kamar ina kallon hanya. Ga waya kin saya mini, amma in na bugo sai in ba ki dariya mu rabu. Takarda ba ta dariya, shi ya sa.

Da kika sauke mu a ƙofar filin jirgi kika tafi neman wurin ajiye mota, na san da gangan kika daɗe. Mun shiga, ya samo mini kujera, ya jingine sandunana, ya ba da manyan jakunkuna ya dawo ya zauna. Kujera ɗaya tsakaninmu.

Shi ya fara. Ya ce, “Baba, Hikma ta gaya maka na tsaya.”

Na ce, “Ta gaya mini. Minti nawa?”

Ya ce, “Biyar. Ko shida.”

Na ce, “Ai ka kyauta, ka bar ni na huta. Tun safe kake ja na a kan tudu kamar jaki.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “I'm sorry, Baba.” Na ce ya wuce, ni na kai kaina ramin, ba wanda ya tura ni. Wannan dai na faɗa, ki rubuta mini shi a gefen alheri.

A lasifika wata mata tana ta kiran sunayen mutanen da ba ta taɓa gani ba, ɗaya bayan ɗaya, ko a jikinta. Tun daga Manchester nake maimaita sunansa a raina, duk tsawon hanya. Na shirya har yadda zan fara. Ya duba agogo, ya miƙe, ya ɗan rusuna ya gaishe ni yadda mamanku ta koya masa, ya rataya ƙaramar jakarsa ya juya.

Ya yi taku kamar goma. Na miƙe a kan ƙafa ɗaya, na buɗe baki.

Na ce, “Kai.”

Ya tsaya, Hikma. Ya juyo gaba ɗaya, ya sauke jakar ƙasa, yana duba na. Mutane na wucewa ta gefensa, shi yana jira. Fuskarsa sak ranar da na fara kai shi makaranta.

Na ce, “Zip ɗin jakarka a buɗe yake.”

Ya duba. A buɗe yake kuwa, wannan ne abin haushin. Ya zuge shi a hankali. Ya ce da Hausa, “Na gode, Baba. Sai wata rana.” Ya shiga layi. Bai sake waiwayowa ba, ni kuma ban zauna ba har kika zo.

Jibi za a cire filasta. Likita ya ce ƙashin ya haɗe da kyau, wai ina da ƙashin saurayi. Na shiga ɗakinsa jiya don in buɗe taga, na tarar ya bar sandunan fatsar a bayan ƙofa, guda biyu, a ɗaure tare. Na fito na rufe.

Ki aiko mini da adireshinsa, da manyan baƙaƙe yadda zan iya kwafa. Kada ki yi fushi da ni fiye da yadda na cancanta.

Babanki,
Iddrisu


Cheetham Hill
20 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sauka lafiya, kuma sanyin can bai fi ƙarfinka ba. Inda Hausar ta yi maka tsauri ka bugo wa Hikma ta karanta maka.

Za ka ga sunanka a bayan ambulan, da hannuna. Kada ka ɗauka na biya ke nan. Wannan don mai kai wasiƙa ne. Bakina ne ya ci bashin, shi zai biya, kuma ba ta waya ba, kana tsaye ina tsaye.

Ban ce ka dawo ba. Ka yi aikinka. Amma in ka samu hutu ka zo, ko in ka yarda ni in zo, na tambaya an ce jirgi na ɗaukar irinmu.

Ban san ko zan iya a karon farko ba. Ka riga ka ga ubanka ya kasa sau biyu. In na ce “kai”, kada ka amsa. Ka tsaya kawai, ko minti shida ne, ko fiye. Wannan karon ni na roƙe ka.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Ubanka,
Iddrisu